Nisa Ya Daina Zama Garkuwa: Sharhi Kan Hare-haren Dogon Zango a Yaƙin Rasha da Yukren

Tun daga ranar 24 ga Fabrairun 2022, lokacin da sojojin Rasha suka kutsa cikin ƙasar Yukren ta arewa da gabas da kudu, yaƙin ya rabu gida biyu. Akwai na fagen daga, inda dakaru ke kwana cikin ramuka a gabashin ƙasar suna gwabzawa watanni a kan ƙaramin gari guda, akwai kuma na sararin samaniya, wanda yawanci ake yin sa cikin dare a kan biranen da ke ɗaruruwan kilomita daga inda ake jin rugugin igwa. Sharhin na yau ya shafi kashi na biyu ne, domin a nan aka ga sauyin da ya fi kowane girma a harkar makamai cikin shekarun nan, kuma sauyin ya samo asali ne daga araha da yawa fiye da yadda ya samo daga ƙwarewar kimiyya.

Kalmar da Hausa ta zaɓa wa makami mai linzami ta dace da shi ƙwarai, domin linzami shi ne ƙarfen da ake sa wa doki a baki don a juya shi inda ake so, kuma abin da ya raba wannan makami da harsashin igwa shi ne cewa bayan an harba shi akwai na'urar da ke ci gaba da yi masa jagora har ya isa wurin da aka nufa. Iri biyu ne suka fi muhimmanci a wannan yaƙi. Na farko shi ne mai shawagi, wanda a ƙirarsa ƙaramin jirgin sama ne mai fukafukai da inji, yana tafiya ƙasa-ƙasa yana bin kwaruruka da koguna domin ya ɓuya wa rada, wato na'urar da ke aika igiyar rediyo sama ta kuma gane abin da ke tafe daga yadda igiyar ta dawo. Cikin wannan rukuni akwai Kalibr, wanda Rasha ke harbawa daga jiragen ruwanta a Bahar Aswad, da Kh-101, wanda manyan jiragen yaƙi ƙirar Tu-95 ke sakewa tun suna cikin sararin samaniyar Rasha. Na biyu shi ne balistik, wanda roka ke cilla shi can sama sosai sannan ya faɗo da gudun da ya ninka na sauti sau da dama, kamar Iskander-M mai cin zangon kimanin kilomita 500, wanda tsakanin tashinsa da saukarsa 'yan mintuna ne kawai. Akwai ɗan'uwansa Kinzhal da ake harbawa daga jirgin MiG-31, wanda hukumomin Mosko suka daɗe suna cewa babu garkuwar da za ta tare shi, har sai da na'urar Patriot ƙirar Amurka ta kakkaɓo guda a kan birnin Kyiv a watan Mayun 2023.

Waɗannan makamai duka suna da tsada, suna kuma ɗaukar lokaci kafin a ƙera su, shi ya sa ko babbar ƙasa irin Rasha ba ta iya harba su kowane dare. Abin da ya cike wannan giɓi ya fito ne daga Iran a ƙarshen daminar 2022, jirgi marar matuƙi mai suna Shahed-136, wanda Rasha ta sauya wa suna zuwa Geran-2. Tsawonsa kimanin mita uku da rabi ne, fukafukansa sun yi siffar kusurwa uku, a bayansa akwai farfela da ƙaramin injin fetur ke juyawa, a hancinsa kuma akwai abin fashewa mai nauyin kilo 50 ko kusa da haka. Gudunsa bai wuce na mota mai sauri ba, kimanin kilomita 180 a sa'a guda, kuma ba ya komawa gida, domin shi kansa ne bam ɗin: ana ɗora masa adireshin inda zai je ta hanyar tauraron ɗan'adam, a sake shi, ya yi tafiyar sa'o'i ya faɗa kan abin da aka saita masa. Ƙarar injinsa ta yi kama da ta tsohon babur, har mutanen Yukren suka laƙaba masa sunan ƙaramin babur, kuma waɗanda suka saba da shi sun san cewa lokacin da ya fi ban tsoro shi ne sa'ad da ƙarar ta sauya, alamar ya karkato zai faɗo.

A nan lissafin da ya sauya yaƙin yake. Ƙiyasin da aka fi ambata na kuɗin ƙera Shahed guda yana tsakanin dala 20,000 zuwa 50,000, alhali makamin Patriot guda ɗaya da ake harbawa don tare abin da ke tafe yana kai dala miliyan 3 zuwa 4. Ma'ana, mai kare kansa da ya harba Patriot a kan Shahed ya yi asara ko da ya samu abin da ya harba, idan kuma ya ƙyale shi ya wuce, jirgin na iya faɗawa kan tiransifomar da ke ba wa unguwanni wuta. Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a kan wannan ne Rasha ta gina dabararta. A ƙarshen 2022 ana maganar jirage ashirin ko talatin a dare guda, amma a daren 7 ga Satumban 2025 rundunar sojin saman Yukren ta ƙirga fiye da 800, a harin da ya tayar da gobara a ginin majalisar ministoci da ke tsakiyar Kyiv. Da yawa daga cikin jiragen da ake turawa ba su ɗauke da komai, domin akwai wani samfuri mai suna Gerbera da ake haɗawa da falanki da soso, wanda aikinsa kawai ya bayyana a fuskar rada tamkar Shahed na gaske, ya sa masu tsaro su ɓarnatar da harsasai su kuma tona inda suke. Sau da yawa bayan wannan ayari ya gajiyar da masu gadi ne ake sakin makamai masu shawagi da na balistik, a daidaita lokacinsu yadda za su iso tare.

Wannan yawa ya samu ne saboda Rasha ta daina dogaro da abin da ake kawo mata daga Iran, ta kafa masana'antarta a yankin Alabuga da ke jamhuriyar Tatarstan, fiye da kilomita 1,000 daga iyakar Yukren. Akwai wani ɓangare na labarin wannan masana'anta da ya shafi Afirka kai tsaye, wanda ya kamata iyaye su ji. A watan Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton cewa an ɗebo 'yan mata daga ƙasashe irin su Yuganda da Kenya da Saliyo da Nijeriya ta hanyar tallace-tallace a kafofin sada zumunta, da alƙawarin karatu da aikin yi, sai suka tsinci kansu suna haɗa jiragen yaƙi a wurin da Yukren ta riga ta kai wa hari a watan Afrilun 2024. Talauci ne ya kai su, kuma babu uzuri ga duk hukumar da ta ga irin wannan talla yana yawo a ƙasarta ta yi shiru.

Yadda Yukren ta mayar da martani ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ƙaramar ƙasa za ta fi samun darasi. Tun da rada ba ta cika ganin abin da ke tafiya ƙasa-ƙasa ba, sai aka kafa dubban na'urorin sauraro a kan turaku a faɗin ƙasar, waɗanda a farkon lamari wayoyin hannu ne da makirfo, suna jin ƙarar injin suna aika bayanin zuwa kwamfuta, ita kuma ta zana hanyar da jirgin yake bi. Daga nan saƙo zai isa ga ƙananan rukunonin masu tsaro, mutum uku ko huɗu a bayan motar akori-kura da aka ɗora wa babbar bindiga mai sarrafa kanta, suna jira a gefen gona cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, ɗaya riƙe da fitila mai ƙarfi yana laluben sama, ɗaya yana duba allon da ke nuna masa ta inda abin zai ɓullo, mai bindigar kuma yana da 'yan daƙiƙu ne kafin jirgin ya wuce shi. Tsohuwar motar yaƙi ta Jamus mai suna Gepard, wadda sojojin Jamus suka riga suka yi wa ritaya, ta zama ɗaya daga cikin kayan da suka fi amfani a wannan aiki, saboda harsashinta yana da araha. An kuma yi amfani da na'urorin da ke toshe ko gurɓata siginar tauraron ɗan'adam, yadda jirgin zai ɓata hanya ya faɗa daji.

Sai dai kowace dabara tana da ajali, kuma a wannan yaƙi ajalin 'yan watanni ne. Rasha ta shafa wa jiragen baƙin fenti don kada fitila ta kama su, ta ƙara musu eriya mai jure wa toshewar sigina, ta kuma sa su tashi sama inda bindigar akori-kura ba ta kai wa, su taru a kan birni sannan su sulmiyo ƙasa. Yukren ta amsa da ƙera ƙananan jirage marasa matuƙa masu farautar 'yan'uwansu, waɗanda kuɗin kowane bai wuce 'yan dubban daloli ba. Abin da har yanzu ba shi da magani mai araha shi ne makamin balistik, wanda na'urori ƙalilan irin Patriot ne kaɗai ke iya tare shi, su kuma makaman Patriot ba a ƙera su da yawan da duniya ke nema. Wannan ne ya sa kowane taron shugabannin Yukren da ƙawayensu ke komawa kan roƙo guda, wato a ƙaro garkuwar sama.

Dole a tambayi abin da waɗannan makamai suke faɗa wa. Daga ranar 10 ga Oktoban 2022, kwana biyu bayan fashewar da ta lalata wani sashe na gadar Kirimiya, Rasha ta mayar da hankali kan tashoshin samar da wutar lantarki da cibiyoyin rarraba ta, ta kuma ci gaba da hakan hunturu bayan hunturu, inda a watan Afrilun 2024 ta rusa tashar Trypilska, wadda take cikin manyan masu ba yankin Kyiv wuta. Mai sauraro da ya saba da ɗaukewar wuta yana iya ɗaukar wannan ƙaramin abu, amma a ƙasar da sanyi ke sauka ƙasa da ma'aunin daskarewa, inda jama'a ke zaune a benaye masu hawa goma ko ashirin, wutar lantarki ita ce ke tura ruwa sama, ita ke juya famfunan da ke kai ruwan zafi cikin ɗakuna, ita ke ɗaga na'urar hawa bene, don haka tsohuwar da ke hawa na goma sha biyar takan wayi gari ba ruwa, ba ɗumi, ba kuma halin sauka. Babbar tiransifoma kuwa ana ɗaukar watanni masu yawa kafin a ƙera ta, alhali jirgin da ya ƙona ta an haɗa shi cikin kwanaki. Dokar yaƙi ta duniya, musamman ƙarin yarjejeniyar Janiba na 1977, ta wajabta bambancewa tsakanin abin soja da na farar hula, ta kuma hana harin da cutarwarsa ga fararen hula ta zarce amfanin sojan da ake tsammani. A kan wannan ne Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama Sergei Kobylash da Viktor Sokolov, manyan kwamandojin Rasha biyu, a watan Maris na 2024, sannan ta ƙara da tsohon ministan tsaro Sergei Shoigu da hafsan hafsoshi Valery Gerasimov a watan Yuni. Makamin da ya faɗa asibitin yara na Okhmatdyt a Kyiv ranar 8 ga Yulin 2024 ya nuna cewa linzamin da ake alfahari da shi bai hana jinin yara zuba ba.

A nata ɓangaren, Yukren ta fara ne da makaman aro masu sharaɗi. Amurka ta ba ta rokokin HIMARS masu cin kimanin kilomita 80 a tsakiyar 2022, Birtaniya ta ba ta Storm Shadow a Mayun 2023, Faransa ta biyo baya da irinsa mai suna SCALP, daga baya kuma ATACMS mai cin kilomita 300 ya iso, amma an daɗe ana hana ta harba su cikin ƙasar Rasha saboda tsoron kada yaƙin ya faɗaɗa. Da gwamnatin Amurka ta Joe Biden ta sassauta wannan hani a Nuwamban 2024, Rasha ta amsa cikin kwanaki da harba sabon makami mai suna Oreshnik a kan birnin Dnipro ranar 21 ga watan, a matsayin gargaɗi.

Wanda ya dogara da makamin aro sai ya jira izinin mai shi, kuma wannan jira ne ya tura Yukren ƙera nata jiragen masu dogon zango, irin su Liutyi, waɗanda ke cin kilomita 1,000 ko fiye. Ta fi auna su kan matatun mai da rumbunan makamai da filayen jiragen yaƙi, bisa hujjar cewa man fetur ne ke ciyar da baitulmalin Rasha da tankokinta, kuma a watan Maris na 2024, lokacin da hare-haren suka yi tsanani, gwamnatin Rasha ta dakatar da fitar da fetur zuwa waje na tsawon watanni. Adalci ya wajabta a faɗi cewa fararen hula sun mutu a wancan ɓangaren ma, musamman a birnin Belgorod da ke kusa da iyaka, inda harin 30 ga Disamban 2023 ya kashe fiye da mutum 20 a cewar hukumomin Rasha, kuma dokar da ta hau kan Mosko ita ce ta hau kan Kyiv.

Harin da ya fi girgiza masana harkar tsaro shi ne na ranar 1 ga Yunin 2025, wanda hukumar leƙen asirin Yukren ta kira Yanar Gizo-gizo, ta kuma ce ta shafe shekara ɗaya da rabi tana shirya shi. An shigar da ƙananan jirage masu farfela huɗu cikin Rasha a ɓoye, irin waɗanda ba su fi faranti girma sosai ba, aka jera su ƙarƙashin rufin wasu ƙananan ɗakunan katako, aka ɗora ɗakunan a kan manyan motoci, aka yi hayar direbobin da rahotanni suka ce ba su san abin da suka ɗauko ba. Da motocin suka tsaya kusa da sansanonin jiragen yaƙi, sai aka buɗe rufin daga nesa, jirage 117 suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka nufi manyan jiragen da ke fake a fili, har da sansanin Belaya na yankin Irkutsk a Saiberiya, fiye da kilomita 4,000 daga Yukren, da na Olenya a yankin Murmansk. Yukren ta ce ta samu jirage 41, hotunan tauraron ɗan'adam sun tabbatar da ƙasa da haka, amma cikin waɗanda suka ƙone akwai Tu-95 da Tu-22M3, waɗanda aka daina ƙera su tun shekaru da dama. Hanyar mota ce ta yi aikin da roka ba za ta iya yi ba, kuma daga ranar babu wani filin jirgi ko matatar mai a duniya da za ta ce nisa ya isa ya kare ta.

Duk da haka, shekarun da aka kwashe ana wannan musayar wuta ba su kawo ƙarshen yaƙin ba, kuma tarihi bai cika nuna cewa za su kawo ba. Jamus ta yi wa Landan luguden bama-bamai a 1940 da 1941, ta sake jefa mata makaman V-1 da V-2 a 1944, Ingila ba ta miƙa wuya ba. Iraƙi da Iran sun yi ta harba wa biranen juna makamai a shekarun 1980, yaƙin ya ci shekara takwas. Jefa jama'a cikin duhu da sanyi yana ƙara musu ƙiyayyar wanda ya jefa su ne. Inda makaman dogon zango suka yi tasirin da ake iya aunawa shi ne inda aka auna su kan kayan soja. Nutsar da jirgin ruwan yaƙin Rasha mai suna Moskva da makaman Neptune a Afrilun 2022, da harin da aka kai hedikwatar rundunar Bahar Aswad a Sebastopol a Satumban 2023, da kwale-kwale marasa matuƙa da suka riƙa farautar jiragen Rasha, su ne suka tilasta wa rundunar kwashe yawancin jiragenta zuwa Novorossiysk, abin da ya ba Yukren damar sake fitar da alkama da masara daga Odesa bayan Rasha ta fice daga yarjejeniyar da ta ba da damar fitar da hatsi a Yulin 2023. Wannan ya shafi farashin alkama a kasuwar duniya, daga nan kuma ya shafi kuɗin fulawa da burodi a ƙasashen da ke shigo da ita.

Wannan salon yaƙi ya riga ya iso Afirka. A Sudan, ƙasar da Hausawa masu yawa suke zaune tun zamanin tafiya Makka a ƙasa, jirage marasa matuƙa sun faɗa wa tashar wutar madatsar ruwa ta Merowe a farkon 2025, sannan a watan Mayu suka riƙa kai hari kan filin jirgi da rumbunan mai na Port Sudan, birnin da gwamnati da 'yan gudun hijira suka fake a ciki saboda nisansa da fagen daga. A yankin Sahel kuma, Nijar da Mali da Burkina Faso da Nijeriya duk sun sayi jiragen Bayraktar TB2 ƙirar Turkiyya, waɗanda suka bambanta da Shahed ta yadda suke shawagi sa'o'i masu yawa suna leƙen ƙasa da kyamara, su saki ƙaramin bam su koma sansani. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a yankin Tafkin Chadi da Mali su ma sun fara ɗaura abubuwan fashewa a jikin ƙananan jiragen da ake sayarwa a kasuwa, alhali yawancin barikoki da tashoshin wuta da madatsun ruwa na yankin an gina tsaronsu ne don tare mai zuwa ta ƙasa.

Akwai kuma abin da mutanen arewacin Nijeriya ba sa bukatar a ba su labarinsa daga Turai. A daren 3 ga Disamban 2023 jirgin soja marar matuƙi ya saki bam a kan taron Mauludi a ƙauyen Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce aƙalla mutum 85 ne suka rasu, rundunar sojin ƙasa kuma ta amsa cewa kuskure ne daga gare ta. Kyamara ta ga taron mutane, amma wanda ke kallon allo daga nesa bai san su wane ne ba, kuma babu ingancin na'ura da zai maye gurbin sahihin bayani daga mutanen gari. Saboda haka wannan kira ne ga Majalisar Dokoki ta Tarayya a Abuja da hukumomin Yamai, da sarakuna da malamai da 'yan jarida da ke da bakin magana, su nemi a bayyana wa jama'a wane jami'i ne ke da ikon ba da umarnin harbi daga irin waɗannan jirage, da matakan tantancewa da ake bi kafin ya bayar, da kuma tanadin da aka yi don kare barikoki da madatsun ruwa da tashoshin wuta daga jiragen da abokan gaba suka riga suka mallaka. A yi wannan tambaya a zauren majalisa kafin a amince da kuɗin sayen jirgi na gaba.